Jininsa Ya Hau

Wata uku cur muka yi a gidanmu muna jinyar mahaifina a kan ciwon da ke jikin mahaifiyata. Ba wanda ya yi mana asiri, ba kuma likita ne ya yi kuskure ba. Kalma ɗaya ce ta jawo, kuma ni ce na ɗauko ta da kunnena na shigo da ita gida, ni da nake koyar da Hausa a sakandare, nake zabga wa 'ya'yan mutane jan biro idan suka rubuta "mace ya zo".

Sai na fara da Anti, ƙanwar Mama, domin daga bakinta maganar ta fito. Mama da Anti 'yan Eggon ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mama ta musulunta da za ta auri Baba, ta shigo dangin da kakanninsu suka zo daga Barno tun ba a san mota ba, surukanta kuma suka goge mata Hausa tas, har idan ba a gaya maka ba ba za ka ce ba da ita ta tashi ba. Anti kuwa tana nan da cocinta da gonarta a bayan Shabu, Hausarta kuma irin ta kasuwa ce, wadda rabin garin Lafia ke ci da sha da ita. A bakin Anti kowa namiji ne. Ni "kai" ce, Mama "shi" ce, akuyarta ma idan ta sauka sai ta ce ya haihu. Tun ina ƙarama nake mata dariya, da na dawo daga karatu a Zariya sai na koma yi mata gyara. Takan ce, "To Malam, na ji," ta ci gaba da abinta.

Baba ya fi ni wannan ciwo. Tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona ba shi da aikin da ya fi zama a baranda yana gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu, su kuma ba su san yana yi ba. Tsakaninsa da Anti akwai wasa mai zafi. Yana ce mata Fasto, tana ce masa Liman. Duk Kirsimeti shi ke yanka mata kaji don mu iya ci, duk Sallah ita ke fara zuwa da roba mafi girma.

A farkon daminar wannan shekarar cocin su Anti suka shirya awon jini kyauta, ba ruwansu da addinin mutum. Wata Asabar Anti ta zo da keke har ƙofar gida ta kwashi iyayena biyu. Baba ya ce zai je ne kawai don kada a ce yana ƙyamar maƙwabta, kuma a rumfar waje zai tsaya. Aka auna su, aka ce su tafi, ba a ba kowa takarda ba. Ashe nas ɗin, wadda suke coci ɗaya da Anti, ta ja ta gefe ta gaya mata abin da ta gani.

Ina gidan lokacin da suka dawo, don gidan aurena ba nisa, kullum sai na leƙo. Anti ta kama hannuna ta ja ni gindin mangwaro, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, zo ka ji. Nas ya ce bipi nasa ya hau. Ya hau sosai. Ya bar gishiri, ya bar dunƙule, ya bar aikin wahala, a kai shi asibiti. Amma abeg kada ka gaya masa, ka san shi da tsoro. Wannan ciwo shi ya kashe mamanmu."

Ta turo baki wajen baranda. A can Baba da Mama na zaune a benci ɗaya, Mama na ɓarar agushi, Baba na riƙe da rediyo.

Ban ce "wa?" ba. Kalmar da ba ta kai tsawon atishawa ba, ban faɗe ta ba. Matar nan ta ce ciwon ne ya kashe mamansu, kuma ko yaron aji ɗaya ya san ba Baba ne ya haɗa uwa da ita ba. Amma a gidanmu idan aka ce wani ba shi da lafiya, Baba ne. Mutumin da mura ke sa shi kiran 'ya'ya yana raba musu wasiyya. Mama kuwa ban taɓa ganin ta kwance da rana ba, ban ma san yadda take kama idan ta kwanta ba. Saboda haka na ji "shi", na dubi benci, na ɗauki wanda na saba ɗauka.

Anti na hawa keke na bi Mama kicin na rufo ƙofa. Na ce, "Mama, akwai magana, amma kada Baba ya ji." Haka na tsaya na gaya wa mai ciwo ciwonta, na kuma sa ta rantse ba za ta gaya wa mai lafiya ba. Ta dafa ƙirji ta yi salati, idonta ya kawo ruwa. Daga nan ta share fuska da bakin zane, ta jawo tukunya ta biyu.

Asirin bai kai kwana uku ba. Ranar farko Baba ya kai lomar tuwo da miyar agushi baki, ya tauna, ya dubi Mama ya ce, "Wani ya rasu ne?" Ta ce babu. Ya ce to me ya sa miya ke zaman makoki. Rana ta biyu ya ce ko gishiri ya yi tsada ne a gaya masa. Rana ta uku ya tsare ni a soro, ya ce shi ya haife ni, ya san fuskata idan ina ɓoye abu. Na gaya masa.

Na ɗauka zai firgita. Ya firgita ɗin, na kamar minti biyar. Bayan nan sai ya karɓi hawan jinin nan kamar an naɗa masa sarauta. Aka shimfiɗa masa tabarma a baranda da filo biyu. Ya koyi wata sabuwar murya, can ƙasa, mai ja, wadda yake amsa gaisuwa da ita, amma da ya ji an yi kuskure a rediyo sai tsohuwar muryar ta dawo. Ya ce kansa na sarawa, ya ce yana jin jinin na tafiya ta bayan kunnensa. Asibiti dai ya ce ba da shi ba, wai duk abokinsa da ya shiga da ciwo ɗaya ya fito da uku. Gaskiyar maganar ita ce allura yake tsoro, kowa a gidan ya sani.

Muna da gona a Kwandere, doya da masara, kuma damina ce. Nas ta ce a bar aikin wahala, saboda haka Baba ya bari. Mama ce ta koma hawa acaba sau uku a mako tana zuwa tsaya wa 'yan ƙwadago. Ta dawo ta ɗora tukunya biyu, tasa ba gishiri ba dunƙule, ta sauran gida yadda aka saba. Ta dafa masa zoɓo ba sukari, ta daka tafarnuwa, ta tsinko zogale. Masu zuwa dubiya suna kawo tsire da bandar kifi, Baba ya dube su da idon maraya ya ce a kai ciki. A ciki Mama ke cinyewa, don ita a duniya ba abin da ta tsana kamar a zubar da abinci. Wato duk gishirin da muka cire daga kwanon mai lafiya, a kwanon mai ciwo muka juye shi.

Ta fannin addini kuwa Baba ya yi wani irin gyaruwa da ban taɓa gani ba. Mutumin da kullum sai an yi raka'a ɗaya yake isa masallaci da asuba ya koma riga ladan zuwa. Ya nemi gafarar maƙwabcinmu a kan rigimar katangar da suka shekara goma suna yi, ko da yake katangar tana nan inda take. Limamin unguwa ya sa aka yi masa addu'a da sunansa bayan sallar Juma'a, ya kuma aiko da rubutu a galan. Kullum da safe Baba zai kurɓa, ya shafa a fuska, ya ce ya ji jinin ya sauka da taku ɗaya.

Anti ma ba a bar ta a baya ba. Aikin gona ya riƙe ta, hanyar ƙauyensu kuma idan ruwa ya sauka sai a hankali, amma ta aiko ɗan acaba da ɗaurin shuwaka da kwalbar man zaitun da fastonsu ya yi wa addu'a. Saƙon shi ne a shafa masa a goshi. Baba ya juya kwalbar nan a hannu ya daɗe yana nazari. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa zaitun zaitun ne, mu ma muna da shi a littafinmu, amma a gwiwa zai shafa, don kada Fasto ta je tana cewa ta yi masa baftisma.

Kusan kullum Anti sai ta kira ni a waya. Har yau idan na tuna hirarrakin nan sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

"Malam, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Anti."

"Yana hutawa?"

"Ba abin da yake yi sai hutu."

"Ya bar gishiri?"

"Ko ƙwaya."

"To mun gode Allah. Matan coci suna masa addu'a kowane Laraba."

Da Mama kuwa yarensu suke yi. Anti na riƙe da sirri, don haka sai ta zagaya ta ce gishiri ba shi da kyau ga mutum idan ya manyanta. Mama ita ma na riƙe da sirrin mijinta, sai ta ce ai yanzu akwai tukunyar da ba a sa mata ko kaɗan. Kowacce ta ajiye waya tana yaba wa kanta iya ɓoye magana.

Sai yayana da ke Abuja ya aiko da na'urar awon jini, irin mai batir, wadda ake ɗaura wa a dantse ta matse ta saki. Idan lafiya lau ne ta nuna kore, idan da matsala ta nuna ja ta yi ƙara. Ranar da aka fara ɗaura wa Baba duk muka tsaya a kansa. Ta nuna kore. Aka sake, kore. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a nan. Mu kuwa sai muka yi hamdala, Baba ya aika a gaya wa liman rubutu ya ci. Da na gaya wa Anti an auna an ga ya sauka, ta yi guɗa a waya ta ce man zaitun ne. Mako biyu ana ja-in-ja tsakanin masallaci da coci a kan wa ya warkar da mutumin da ba abin da ya taɓa samun sa.

Duk da koren, Baba bai sauka daga tabarma ba. Ya ce irin wannan ciwo laɓewa yake yi. Na'urar ta zama 'yar lelensa, tana da nata tawul, tana da nata wuri a kan kabad, Mama ce ke goge mata ƙura. Wata safiya yana cikin awo Mama ta ajiye masa zoɓo, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, a ɗaura min mana in ji yadda take matse hannun." Baba ya ce, "Wannan ta marasa lafiya ce, kada ki cinye min batir." Na yi dariya. Ina nan tsaye na yi dariya, Mama ma ta yi, ta ɗauki tire ta koma kicin.

Akwai kuma maganar hula. Na lura duk lokacin da aka kawo masa abinci sai ya cire hula ya ajiye a cinya, wai zafi. Rannan na fito daga ɗaki ba zato na same shi ya kwance wani ɗan ƙullin leda daga cikin hular yana barbaɗawa a miya. Muka haɗa ido. Ya ce, "Wannan ba gishiri ba ne sosai." Na yi masa faɗa kamar ɗalibina, na ƙwace. Washegari wani ƙullin ya maye gurbinsa. Na ƙyale shi don na ga na'urar ba ta daina nuna kore ba, na ce a raina lallai rubutun liman da ƙarfinsa.

A duk tsawon wannan lokaci Mama na fama da ciwon kai ta ƙeya. Na gani. Na ga yadda take tamke ɗankwali har ya shiga goshi. Na ga ta ɗago daga sujada ta dafa bango ta daɗe kafin ta miƙe. Ta ce hayaƙin gawayi ne, ta ce ranar Kwandere ce. Ni kuma na ce ta sha maganin ciwon kai, na wuce duba ko zoɓon Baba ya huce.

Wata rana ta dawo daga gona a gajiye ta manta, ta jefa dunƙule a tukunyarsa. Ni na ɗanɗana na gane. Ina da zuciya, wannan kowa ya sani, kuma ranar na sake ta. Na ce mata abu ɗaya aka ce ta kiyaye ta kasa. Na ce, "So kike ki kashe shi?" Ta sauke tukunyar, ta ɗora wata, ta zauna a kujerar tsuguno ta riƙe kanta da hannu biyu tana jiran ruwa ya tafasa. A cikin duk abin da ya faru wannan ne ba na iya ba da labarinsa da dariya. Ina jin kunyarsa har gobe.

Sabuwar doya ta fito a watan Agusta, Anti ta samu kanta, ta zo wata Asabar da rana a bayan acaba da doya shida ɗaure a buhu. Mama ta tare ta a ƙofa, suka rungume juna, ta karɓi doyar ta yi bayan gida da ita tana cewa yau sai sakwara. Anti ta ƙaraso baranda ta ga Baba a kishingiɗe tsakanin filo biyu, ga galan ɗin rubutu, ga kwalbar zaitun, ga na'ura a naɗe cikin tawul.

Ta ce, "Liman, kai kuma me ya same ka?"

Baba ya jawo muryar nan tasa ta jinya ya ce, "Ke da kika kawo labarin kike tambaya?"

Anti ta ɗauka wasansu ne na kullum, ta yi dariya ta zauna. Suka taɓa hira, ya gyara mata Hausa sau biyu, ta ce ta ji. Can sai ƙarar turmi ta taso daga bayan gida. Anti ta saurara.

"Wa yana daka?"

Na ce Mama ce.

Ban taɓa sanin matar nan na iya gudu ba. Kafin in miƙe ta kai bayan gida, ta fizge taɓarya daga hannun Mama ta jefar. Ta juyo kaina, don na biyo ta, Baba ma ya taso yana jan ƙafa.

"Malam, ban ce maka ya bar aikin wahala ba?"

Na ce, "Ai ya bari, Anti. Wata uku ko tsinke bai ɗaga ba. Ga shi nan."

Ta dubi Baba, ta dube ni. Ta ce, "Ba wannan ba." Ta ɗora hannu a kafaɗar Mama. "Wannan. Shi ne jininsa ya hau."

Tururin doya na tashi daga turmi. Mama na tsaye, zufa na bin wuyanta, tana duban ƙanwarta kamar da wani yare ta yi magana. Ni kuwa, saboda Allah ya yi ni da baki, abin da ya fara fitowa daga cikinsa shi ne, "Anti, ai 'ita' za ki ce."

Anti ta ce, "Shi, ita, duk ba mutum ba ne? Kai da ka je Zariya, ba su koya maka tambaya ba?"



Baba ya juya ya koma baranda, kuma na lura ya manta da jan ƙafar. Ya dawo da na'urar, ya warware tawul, ya ce wa Mama ta zauna. Ya durƙusa a gabanta a ƙasa, da farar rigarsa, ya naɗe mata hannun riga ya ɗaura. Anti ta taya shi manne abin. Na'urar ta matse, ta matse, ta saki. Ta nuna ja, ta yi wata ƙara da ba mu taɓa jin ta yi ba a wata biyun da ta yi a gidan. Baba ya ce ba daidai ta zauna ba, ya sake. Ja.

Mutumin da ya rantse ba zai taka asibiti ba shi ya fita titi ba takalmi ya tare keke. Aka ba Mama gado, ta kwana biyu. Likitar ta tambaye mu tun yaushe muka sani, na ce wata uku. Ta ce me muka yi a kai. Na dubi Baba, Baba ya dubi silin. Anti ce ta ba da labarin, da Hausarta, likitar ta yi ta tambayar "wa?" a kowace gaɓa, abin da ya sa na ƙara jin kamar in nutse. Likitar ta ce mu gode wa Allah, irin wannan ba ya yin sallama kafin ya kayar da mutum, kuma magani ne kullum har iyakar rai.

Washegari da hantsi muna zaune a gefen gadon, ni da Baba da Anti. Karo na farko ke nan da na ga mahaifiyata kwance da rana. Ta yi min ƙanƙanta a gadon. Na kama hannunta na ce ta yafe min, na ambaci maganar dunƙulen nan, kuka ya ƙwace min. Ta ce in share hawaye, mutane na kallo.

Baba ya ce, "Amma ke ma, kina jin ciwon kai haka ba ki faɗa ba?"

Mama ta ce, "Na faɗa. Kun ce hayaƙi ne."

"Ke kika ce hayaƙi ne."

"To, kun yarda."

Ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, ba da fushi ba, kamar mai tambayar farashin tumatir, "Ni abin da nake ta tunani tun jiya, da tun farko an gane ni ce, wa zai dafa tukunya biyu?"

Ni dai na san gaskiyar. Da mun ce ta rage gishiri, mu saya mata magani, mu ce Allah ya sawwaƙe, ta tashi ta ɗora mana tuwo.

Can Baba ya cire hularsa, ya zaro ƙullin ledar, ya miƙe ya jefa a kwandon shara da ke bakin ƙofa. Ya dawo ya zauna ya ce, "Akwai abin da ban gaya miki ba."

Mama ta ce, "Gishirin hula? Malam, wa ke wanke hular? Ni nake mayar maka da shi idan ta bushe."

Anti ta yi dariya har nas ta leƙo ta ce a rage murya.

Yanzu tukunya ɗaya ake dafawa a gidanmu, kuma ba ta da gishiri sai abin da ba a rasa ba. Baba na ci yana ɓata fuska, amma hularsa na kansa. Ya koma gonarsa ta Kwandere, ya kuma koma makara sallar asuba, ko da yake yanzu yana da hujja, wai sai ya auna matarsa kafin ya fita. Da kansa ya je ya gaya wa liman a canza suna a addu'a, dattawan masallaci suka yi wata guda suna tambayarsa yaya jiki suna ƙunshe dariya. Anti ta ce ita addu'arta ba ta ɓata hanya ba ko sau ɗaya, don da yarensu take gaya wa Allah, kuma ta kira sunan 'yar'uwarta. Baba ya ce ai Allah ba ya bukatar nahawu. Na ce masa wannan magana da ya faɗe ta shekara talatin da suka wuce da masu rediyo sun huta.

Ni ma na rage jan biro, amma ba zan ce na daina ba. Abin da na ƙara shi ne tambaya. Idan ɗalibi ya ce min "ba shi da lafiya", sai na ce wa, sai ya faɗi suna.

Kwanaki ina gidan da safe wayar Mama ta yi ƙara tana banɗaki, Baba ya ɗauka. Anti ce, kuma muryarta ba ta bukatar a ƙara sauti, daga inda nake ina jin ta.

"Liman, yaya jikinsa?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jira, don na san abin da ke zuwa. Shekara talatin da wani abu bai taɓa barin irin wannan ta wuce ba. Daidai nan Mama ta fito da buta, ta nufi inda turmi yake jingine, ta kai hannu za ta gyara masa zama. Baba ya ɗaga mata yatsa, ya nuna mata tabarmar baranda da filo biyun nan. Sai da ya ga ta zauna sannan ya mayar da wayar kunne.

Ya ce, "Da sauƙi, Fasto. Ya sha maganinsa, yana hutawa."